Ƙasar Gindin Gawo a Cikin Gora

Maigidana ya rasu bara da kaka. Har yau in na ambace shi sai hawaye sun zubo, ba na kuma ɓoye su. Abin da na fi tunawa da shi ƙafafunsa ne.

Zamanin Nasara ne, muna zaune a wani ƙauye gefen Matankari, ina goyon ɗanmu na fari. Aka ce kumandan, Baturen mulki, yana neman magina a Dogon Dutsi. Maigida gwanin tubali ne, sai aka ɗauke shi. Mun yi murna, domin mai aikin bariki ba a kama shi aikin tilas, inda ake kai maza nesa su fasa dutsen hanya, wasu ba su dawowa.

Sauran maginan ƙauye a can gari suke kwana, sai ranar hutu su zo gida. Shi kuwa babu hali. A bayan gidanmu akwai wani tsohon gawo, a nan Doguwa, aljanar gidansu, take zaune. Tun kakanni, babban namijin gida ke zuba mata nono a gindin itacen kowace safiya. Mahaifinsa ya mutu, ƙannensa ƙanana, abin ya faɗo kansa. Lokacin muna salla muna kuma wannan, Allah Ya yafe mana.

Saboda haka kullum sai ya zuba nono, ya kama hanya tun gari bai gama wayewa ba. Hanyar duk rairayi ce, ƙafa na nutsewa. Ya wuni yana ɗora tubali, ya sake takowa gida. Masu zaman ƙofar gari in sun hango shi sai su ce, "Ga raƙumin kumandan nan!"

Ya ce, "Raƙumi ai ana ba shi hutu."

Ni kuwa ina nan da ruwan zafi a kasko. In jiƙa ƙafafun, in cusa man shanu a cikin faso.

Da damina ta sauka, kurkunu ya fito masa a idon sawu. Ƙafa ta kumbura, muka kama bakin tsutsar muna naɗewa a tsinke kaɗan-kaɗan. Ya fara ɗingishi, ya fara makara. Wata rana ya dawo bai taɓa tuwo ba. Da na matsa, ya ce gardin da ke tsaron aiki ya faɗa masa, in ya sake isowa bayan an busa ƙaho, zai haɗa shi da masu fasa dutse.

Na ce, "Maigida, ka kwana can. Ni zan zuba nonon."

Ya ce, "Ke baƙuwa ce a wurinta. Ba ta shan na hannunki."

"To jinin ƙafarka take son sha?"

Ya juya mini baya.

Da safe na goya yaro na tafi wurin Gwaggo, yayar mahaifinsa, tsohuwar 'yar bori ce, ba wanda ya kai ta sanin Doguwar. Na iske ta tana kaɗi, taba cike da baki.

Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ɗanki zai faɗi a hanya, ko a kai shi fasa dutse."

Ta ce, "Ke 'yar nan, mijin kike so ko ƙafar?"

Na ce, "Duka, Gwaggo."

Ta yi dariya har ta ƙware. Ta ce, "Wa ya ce muku Doguwa gurguwa ce? Da kakanninmu suka taso suka zo nan, gawo suka ɗauko a ka? Ƙasar gindin na can suka ɗebo. Shi wannan sakarai bai tambaya ba, ya zaɓi ya cinye ƙafarsa."

Da yamma ta zo da 'yar fartanya. Ta tsuguna gindin gawon tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin ƙawa, ta ɗebi ƙasa ta cika wani ɗan gora, ta toshe bakin da tsumma. Ta miƙa wa maigida.

Ta ce, "Inda ka kwana, ka zuba mata nono a kan ƙasar nan. Matan Fulani ba su ƙare a Dogon Dutsi ba. In ba ta yarda ba, za mu gani a gida."

Ya tafi da goran a rataye. Kwanakin nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Yaro ya yi tari in zabura, akuya ta yi kuka in fita in duba. Ba abin da ya same mu. Akuyar ma tagwaye ta haifa, Gwaggo ta ce, "Kin ga amsa."

Ranar hutu sai ga shi a kan jakin wani ɗan kasuwa, yana washe baki. Kumburi ya saɓe. Bai daɗe ba tsutsar ta fito duka, ba ta tsinke ba. Na zauna a ƙasa na yi ta kuka, yana cewa, "Yanzu kuma mene ne?"

Ya yi aikin har aka gama ginin, ba a taɓa kai shi fasa dutse ba. Lokacin aikin na sha ɗora ruwan zafi da yamma kafin in tuna a can yake kwana. Amma da ƙafafun nan ya yi ta zuwa gona har tsufa, bai taɓa riƙe sanda ba.

Mun daina zuba nono tuntuni. Goran yana rataye a ɗakina, ƙasar ta daskare a ciki. Jikoki sun so su jefar, na hana.