Mai Igiya Zai Rufe Shago

Kafin masu fito su tayar da injunansu, Mai Igiya ya riga ya buɗe ɗan shagonsa na kwano da ke bakin ruwa. Ya share ƙofa, ya jawo benci waje, ya ɗora ƙarfen narka dalma a wuta, sannan ya sauke igiyarsa daga ƙusa ya bi ta da yatsu, ƙulli bayan ƙulli, kamar mai duba lafiyar jariri. Haka na san shi tun gashina yana baƙi. A ƙarshen watan nan zai rufe shagon, domin idanunsa sun gaji. Na san ba za a kafa rumfa a yi masa jawabi ba. Rumfa ta waɗanda suka iya yanka ƙyalle a gaban kyamara ce. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Sana'arsa gyaran na'urar da ake ɗaura wa jirgin ruwa, wadda ke nuna zurfi da inda kifi ya taru. Ɗan akwati ne mai allo, da wani ƙaramin abu da ake maƙalawa a gindin jirgi, wanda masunta ke kira kunne. Kunnen ya aika sauti ƙasa, ya saurari dawowarsa, allon ya faɗi abin da aka jiyo. A tafkinmu wannan ba kayan ado ba ne. Kurmi guda ruwa ya cinye lokacin da aka yi madatsa, kututturan suna nan tsaye a ƙasa, idan ruwa ya ja baya sai su matso kusa da cikin jirgi.

Kamfani biyu ne suka raba mutanen bakin ruwa, Jan Tambari da Shuɗin Tambari, kuma ban taɓa ganin magoya bayan ƙwallo sun kai su zafi ba. A kan bencin Mai Igiya ake fafatawa.

"Naka da ke ganin ciyawa ya ce kifi ne? Jiya buhu nawa na ganye ka kamo?"

"Gara nawa yana gani. Naka rana na takawa allon ya yi fari fat, sai ka lulluɓa masa riga kamar mai zazzaɓi."

In sun gaji sai su juyo gare shi. "Baba, raba mu. Wanne ya fi?"

Amsarsa ɗaya ce tun da na san shi: "Mu je ruwa."

Ba ya mayar wa kowa na'ura, sabuwa ce ko gyararriya, sai ya shiga jirgin mai ita sun je tsakiya. Can zai jefa igiyar nan mai guntun ƙarfe a baki da ƙulli a kowace mita. Ƙarfen ya taɓa ƙasa, ya duba ƙulli, ya duba allo. In sun yi daidai ya ce a juya. In sun saɓa, ba igiyar yake tuhuma ba.

Da haka ya san halin kowace. Jan Tambari, in ji shi, ba ta ƙarya a ruwa mai zurfi, amma mahaɗin wayarta ba ya jure damshi. Shuɗin Tambari tana shan wuya ta daɗe, sai dai zumuɗi ya yi mata yawa, kowane tsumma a ruwa kifi ne a wurinta. Akwai wani masunci mai ƙaramin kwale-kwale da ya sayo wata marar suna, 'yan benci suka sa shi a gaba da dariya har ya fara ɓoye ta a cikin buhu. Mai Igiya ya fita da shi, ya dawo ya faɗa a gaban kowa cewa a gefe-gefe inda mutumin ke kamu, na'urarsa ta fi ta wasu masu dariyar gaskiya, amma kada ya kuskura ya shiga tsakiya da ita. Mutumin yana nan yana ciyar da iyalinsa da ita. Wani dillali kuma ya taɓa kawo masa ƙaton allon talla ya kafa a saman shago, don jama'a su ɗauka kamfaninsa ya zaɓa. Mai Igiya ya yi godiya sosai, ya kife rubutun, ya toshe yoyon rufinsa da shi.

Mai ɗakina, Allah ya jiƙanta, takan haye tafkin nan kowane mako ta duba mahaifiyarta. Ba ta shiga jirgi sai ta tambaya ko an gwada na'urarsa da igiya. Wata rana ina karanta mata bayanin wani kamfani da ya cika shafi da yabon kansa, ta ce, "Malam, kai da masu rubuta maka littattafai duk bakinku ya riga idonku. Mai Igiya kaɗai na gani yana tambayar ruwa kafin ya yi magana." Ta yi dariyar nan tata mai tsayawa a maƙogwaro kafin ta fito. Tun da ta rasu, mutum ɗaya ya rage a duniya mai irin wannan dariyar, ƙaninta Auta, mai jirgin fito. In na ce ina zuwa bakin ruwa shan iska, ƙarya nake yi. Zuwa nake in ji an ba Auta dariya.

Makon jiya Auta ya sayo Jan Tambari sabuwa fil, wanda ya sayar masa ya ɗaura masa ita a gurguje. Ruwa ya ja baya fiye da yadda muka saba gani, shi kuwa yana son ya riƙa yanke ta mashigin kututture don ya riga sauran jirage, da mata 'yan kasuwa da kayansu cike da jirgi. Ya zo shagon ne don a yaba, ba don a duba ba.

"Baba, wannan ba ta buƙatar igiya. Da tauraron ɗan Adam take magana."

"Madalla. Tauraron ne zai tsamo ka?"

"Haba Baba, fasinja na jira."

"Su jira a tudu, ya fi musu." Ya naɗe igiya a kafaɗa, ya juyo wurina. "Malam, taso. Ba na ganin lambar allon nan yanzu. Yau karatunka zai yi amfani."

Shekaru ina jiran wani ya faɗa mini haka, ban zaci a bakin ruwa zan ji ba.

Muka fita mu uku da hantsi. A bakin mashigin ya sa Auta ya kashe inji. Ya jefa ƙarfe, igiya tana zamewa tsakanin yatsunsa, fuskarsa na kallon sama.

"Malam, me ta ce?"

"Mita uku."

"Auta, zo ka taɓa."

Auta ya karɓa yana murmushi. Ya ɗaga, ya saki, ya sake ɗagawa. Ƙulli na biyu ne a bakin ruwa. Murmushin ya tafi. Mita gudan da ta ɓata tsakanin allo da igiya, ita ce tazarar da yake zaton tana tsakanin kan kututture da cikin jirginsa in an yi masa lodi.

"To kamfanin banza ne ke nan!"

"Kamfanin bai yi maka komai ba. Riƙe ƙafata."

Dattijon nan ya kwanta rub da ciki a gindin jirgi, Auta na riƙe da ƙafafunsa, ya zura hannu cikin ruwa har kafaɗa yana lalube. Kunnen a karkace aka ɗaura shi, yana sauraron gefe maimakon ƙasa, shi ya sa yake jin nisa. Ya kwance, ya daidaita, ya ɗaure, duk da yatsu. Na duba allo, ya koma biyu.

"Yanzu ta zama Jan Tambari," in ji shi, yana matse hannun riga. "Da safe akwati ce mai tsada."

Auta ya juya jirgi, bai ƙara zancen mashigi ba. Sai da muka kusa gaɓa ya ce, "Yaya, ashe da yau ka rasa mai cin bashin goronka." Ya yi dariya. Ta tsaya masa a maƙogwaro kafin ta fito. Na juya ina kallon ruwa, domin hayaƙin inji yana damun idona.

Mai Igiya, kai ne ka ƙi sayar da bakinka ga tambari. Kai ne ka jiƙa hannun rigarka shekara da shekaru saboda mutanen da ba su san an yi ba, domin jirgin da bai nutse ba ba ya shiga labarai. Mun zauna a bencinka mun cika ka da surutu, ba ka taɓa cewa wane ya fi wane ba sai ruwa ya shaida. Ni da ba na yabon mutane, don na karanta tarihinsu da yawa, na yaba maka. Na gode da kowace hayewa da matata ta yi ta dawo. Na gode da dariyar da ka bar mini.

Ga masu gyara da masu sayarwa da masu saye, ba na roƙon ku zama shi, na san ba za ku iya ba. Ku dai nemi igiya, ku yi mata ƙulli, ku jefa kafin ku rantse da sunan kamfani.

Jiya na tarar ƙusar shagon babu komai a kanta. Na tambaye shi ina igiyar. Ya nuna tsakiyar tafki da haɓa. Can na hango jirgin Auta tsaye, inji a kashe, fasinja na ta mita, shi kuwa ya sunkuya a gefe yana bin ƙulli da yatsu.