Rumfar da Ta Yi Ƙaura Sau Tara

Mai Gwangwani ake ce masa, kuma ba gwangwani yake sayarwa ba. Tela ne, shekara arba'in yana taka keke a bakin kasuwa har gwiwa ta ce ta gaji. Sunan ya samo asali ne daga wani tsohon gwangwanin madara da yake tara sukuru a ciki, ƙusar nan mai zare da ake murzawa. Ko gobara aka yi, shi zai fara ɗauka kafin takalminsa.

Tun da ya yi aure a gidan haya yake, ɗan haya kuwa ko ya shekara goma baƙo ne. A gidan farko ya yi wa matarsa rumfa a bayan ɗaki, katako da kwano, inda za ta yi girki ta sha iska. Da ƙusa ya buge ta tam. Wata bakwai mai gida ya ce yana son ɗakinsa. Garin ɓamɓare rumfar katako ya tsattsage, kwano ya yage, abin da ya tsira sai murhu. Ran nan ya rantse shi da ƙusa har abada.

Daga nan sai sukuru. Kowane katako ya sa masa lamba da allin ɗinki. In aka ba su notis, wuni guda ya kwance rumfar, ya zube sukuru a gwangwani, a loda a amalanke. Sau tara rumfar nan ta yi ƙaura. Yara suka tashi sun san in Baba ya ɗauko gwangwani, to a fara naɗe katifa.

Da tsufa ya zo, babbar 'yarsu mai aikin asibiti ta gina gida, ta ba su ɗaki biyu ta baya da ɗan fili. Lokacin ƙafa ta riƙe matar tasa, daga ɗaki sai ƙofar ɗaki, ɗakin kuwa da rana kamar tanda. Inuwa kawai take nema.

Sai ya ɗauko gwangwani ya hau kafa rumfar. Aikin wuni guda, kwana uku ya ci masa. Wuyan hannu ya ƙi murza sukundireba. Ramukan katakon sun buɗe kamar dasashin tsohuwa, sukuru sai juyawa yake bai kama komai ba. Ya dinga cusa tsinken ashana a ramukan yana cewa ai ya kama. Namiji ke nan, ya ga gaskiya da idonsa ya sa mata ashana.

Rana ta huɗu da yamma, matar na kwance a rumfar, iska ta taso, rumfar ta karkace, katako mai lamba shida ya faɗo ya fasa kofin da ke gefen kan matar. Saura ɗan yatsa.

'Yar ta kira kafintan layinsu. Ya girgiza ginshiƙi ya yi tsaki.

“Baba, katakon nan ya ci sukuru har ya ƙoshi. Sukurun naka kuma tsatsa ta cinye wuyansu. A matsa gefe a buga ƙusa mai inci huɗu. Ita in iska ta matsa mata lanƙwasa take yi, ba ta saki.”

“In aka ce mu tashi fa? Da me zan cire ta?”

“Baba, wa zai ba ka notis a nan?” in ji 'yar. “Ni?”

“Gidan wani dai gidan wani ne. Ke ma da mijinki.”

Daga cikin ɗaki matar ta ce, “Malam, tashi ɗaya ya rage mana ni da kai, shi kuwa ba a tafiya da rumfa.”

Tsohon ya kau da kai. Ya kuma hana kafinta taɓa masa katako. Mutumin ya ajiye guduma da ƙullin ƙusa a bakin ƙofa ya yi gaba.

Kwana biyu matar tana gasuwa a ɗaki, shi yana zaune yana kaɗa gwangwani. Na uku da hantsi ta jawo kujerarta da ƙyar har gindin rumfar, ta ɗauki guduma hannu biyu, ta kafa ƙusa ta maka. Ƙusar ta kwanta. Ta ɗauki wata, ita ma ta sunkuya kamar mai gaisuwa.

Ta san mijinta. Mutumin da kan warware riga guda saboda ɗinki ɗaya ya kauce, ina zai iya kallon wannan?

“Ke, wannan ba aiki ba ne, zalunci ne. Kawo.”

“A'a, je ka ji da gwangwaninka.”

“Kawo, na ce!”

Ya karɓa. Kowace ƙusa sai ya huta sau biyu kafin ta shige, yana bugawa yana runtse ido kamar a jikinsa take shiga. Sai la'asar ya gama. Ya kama ginshiƙi ya girgiza, ko motsi.

“Ta zauna,” ya ce, da muryar mai kawo labarin rasuwa.

“To kai ma zauna, ka tare min iska.”

Ya nemi wuri kusa da ita ya zube, ya miƙe ƙafafu. Ta ce ya ba ta gwangwanin ta zuba magungunanta. Ya ce a'a, ya tura shi ƙarƙashin cinyarsa. Kafin ta sake magana har ya fara minshari.