Furannin da na goge wa Yaya Tizhe

Damina biyar ke nan da muka binne yayana Tizhe. Kowace shekara danginmu sukan taru a gidansa na Lamorde, a yi addu'a, a ci shinkafa, a ce ya bar babban giɓi. Ni Kwanye, ƙanwarsa, nakan zauna a gefe ina wanke kofuna, don akwai abin da na yi masa wanda ban taɓa faɗa wa dangi ba.

Yaya mai ɗaukar hoto ne. Da hoton fasfo da na biki ya ciyar da gidansa, amma zuciyarsa tana wajen furannin da manomi ke tsinewa: tafasa, balasa, tumfafiya, har da ƙuduji mai kashe dawa. Da sassafe, kafin iska ta tashi, zai tafi gonarmu ta Bahuli, ya kafa kyamara a kan ƙafa uku, ya kare furen da kwali, ya kwanta rubda ciki. Sai ya murɗa zoben gilashin kamar faɗin gashi, ya ɗauka, ya sake murɗawa, ya ɗauka. Kuma duk baƙi da fari yake fitar da su. Ya ce launi yana da surutu, yana hana mutum ganin jijiyar fure.

Sau da yawa na raka shi, amma ban taɓa kallon aikin ba. Ciyawa nake kallo, kada maciji ya fito. Ranar da ya so ya yi mini bayani, cewa na yi, "Yaya, ka tashi daga ƙasan nan, sanyi zai kama ka." Ya yi dariya, ya ce, "Kwanye, ke ko a aljanna sai kin duba ƙarƙashin kujera."

Waɗanda yau suke cewa ya bar giɓi, su ne a lokacin suke cewa kansa ya taɓu. Babban mutum, dattijon coci, yana kwance gaban ciyawa.

Ranar jana'izarsa, dangi suka ce da kyamararsa za a ɗauki taro. Aka kunna, aka tarar katin ajiyar hotuna ya cika. Wani kawunmu ya ce a share komai. Na ƙi. Na ce ni zan duba ɗaya bayan ɗaya, kada a zalunci mamaci. Na shiga ɗaki na zauna. Sai na ga fure guda ya fito sau talatin, wani sau arba'in, kuma kusan duka dishi-dishi. A wannan bakin furen ne kawai ya fito, a wancan tsakiyarsa, a na gaba gindinsa. Na yi kuka, na ce ashe ciwon da ya yi ajalinsa ya daɗe da taɓa masa ido bai faɗa ba. Don in rufa masa asiri, a kowane fure na zaɓi hoto ɗaya da ya fi kyau, na goge sauran. Kowanne sai da na duba sau biyu kafin in danna. Na fito ina jin na yi aikin kirki.

Bayan shekara guda na haɗu da Malam Buba, abokinsa mai wanke hoto a kasuwa. Shi ya gaya mini cewa idan kyamara ta matsa kusa da fure haka, wuri ɗan ƙanƙani kawai take iya kamawa sarai. Shi ya sa ake ɗauka da yawa, sannan kwamfuta ta tsinci wurin da ya fito a kowanne, ta haɗa su hoto guda. Arba'in ɗin nan, hoto ɗaya ne da ba a ɗinke ba. Aikin daminarsa ta ƙarshe ne, bai samu ƙarfin haɗawa ba. Na tambaye shi ko ana iya dawo da su. Ya ce da ba a ɗora wasu a kai ba. An ɗora. A kan furannin Yaya yanzu akwai kawunmu riƙe da cinyar kaza, da matan dangi cikin anko suna gyara ɗankwali.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Kowa na da waya, kowa mai hoto ne, ba wanda zai durƙusa don ya ga wani abu. Gonakin Bahuli an bi su da maganin feshi, gefen hanya ƙonanne tun farkon damina. Ina jin wannan zai fi ƙona masa rai fiye da abin da na yi. Amma wataƙila ina faɗar haka ne don in samu barci.

'Yarsa Rifkatu ta gama makaranta, ta koyi aikin a kwamfutar babanta. Makon jiya ta zo ta ce, "Goggo, ba ni katin Baba, zan ƙarasa masa." Shekara huɗu ina shirya abin da zan faɗa, duk ya gudu. Na ba ta katin, na faɗi gaskiya a tsaye. Ta daɗe tana kallon hoton ƙudujin da na bari, wanda gashi uku ne kawai a bakin furen suka fito.

"Goggo, da kin tambaya," in ji ta. Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga, da na fi jin sauƙi.

Hotunan da ya gama da hannunsa suna nan a bango, goma sha ɗaya, sai kyamarar, sai Rifkatu. Da za ta tafi ta tambaye ni ko na tuna inda yake kwanciya. Na tuna. Na san kowane dutse da kowane rami a wurin, tunda su na yi ta gadi. Asabar zan kai ta. Abin da ban faɗa mata ba tukuna shi ne, bara kawunmu ya sa an yi wa wurin feshi.