Ranar da Yayana Ya Ƙi Kwance Igiya

Duk abin da zan manta a rayuwata, ban da wata ranar kasuwa a mashigin Kwara kusa da Bagudo, shekarar da aka samu mulkin kai.

Ina da wa, wanda ya haura talatin amma ba ya iya lissafi, magana ma sai an maimaita masa sau uku. Dolo mutane ke kiransa, mu kanmu a gida mun ɗauke shi bakin ci kawai. Wani dattijo Badendi mai jirgin fito ne ya ga kullum yana zaune bakin ruwa, ya ɗauke shi aiki: ya riƙe igiya, ya kwashe ruwan cikin jirgi, ya kwance idan za a tashi. Duk mako yana biyansa ladansa. Ranar da ya fara kawo wa innarmu gishiri da kuɗin guminsa, kuka ta yi.

Rannan ina cikin jirgin da kwandon busasshen kifi, za mu haye mu nufi iyakar Dahomi. Hantsi ne, jirgi ya cika. Dattijon ya ce a kwance. Yayana ya tsaya ƙyam, igiya naɗe a hannunsa, yana kallon tsakiyar kogi.

"Baba, ba a tafiya," ya ce.

Wani falke ya daka masa tsawa. "Kai, wanga dolo zai sa mu rasa kasuwa!" Kunya ta rufe ni, na ce, "Yaya, don Allah saki." Ko kallona bai yi ba. Har yau ina jin ciwon wannan maganar tawa.

Dattijon ya tambaye shi, "Mi ka gani?"

"Tsuntsaye ba su sauka ba."

Sai a lokacin muka lura. Tsibirin da kullum yake fari fat da balbela babu ko ɗaya. Ruwan ya kwanta luf kamar mai, ko kifi ba ya motsi. Dattijon ya ajiye sandar tuƙinsa ya ce, "Aikinsa yake yi. Mai sauri ya sauka."

Ba a jima ba wani ƙaramin kwalekwale ya ɓullo daga saman kogin, yana juyawa a hankali, babu kowa a ciki. Ya wuce ta gabanmu kusa, har muka ga hular masunci da ƙwaryar fura ba a taɓa ba, gefe guda na kwalekwalen kuma a farfashe. Can bayansa, daidai inda muke bi kullum, ruwa ya kumbura, kan dorina ya fito, ta zuba mana ido, ta nutse ba ƙara.

Mu fiye da ashirin ne a jirgin. Ba wanda ya haye ranar. Masuncin kuwa ba a taɓa samunsa ba.

Yayana ya yi aikin mashigin har tsufansa, kuma ba a sake tashi sai ya ɗaga hannu. Ni kuwa na koyi cewa wanda muke kira mara wayo yana da abin da ya sani. Abin da ya rasa kawai shi ne mai ba shi aiki, ya biya shi, ya kuma saurare shi.