Makullin da ba a nuna wa shaidu

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ke riƙe da makullan ƙungiyar manoman yankinmu tun ina goye. Na mangazar iri, wato ɗakin ajiya, na buro, wato ofis, na ɗakin injinan feshi, har da na wani akwati da ba wanda ya ƙara tuna abin da ke cikinsa. Duk suna jikin zobe ɗaya na ƙarfe, ɗaure da igiyar fata a aljihun rigarsa, shi ya sa a Gazawa kafin ka gan shi za ka ji shi. Bai yi lakol ba, wato makarantar boko, ba ya cikin masu dogon bayani a taro. Amma ba a taɓa buɗe mangaza aka tarar ko tiya ɗaya ta yi ƙafa ba, kuma duk duniya ba shi da abin taƙama da ya wuce wannan.

Ƙa'idarsa ɗaya ce: makulli ba ya sauya hannu sai gaban shaidu. Ko aro za ka yi na minti biyar, sai ya kira mutum biyu, ya ɗaga makullin sama sun gani, sannan ya miƙa maka.

Ni kuwa na dawo daga Maraɗi da takardar karatun kwamfuta da rawar kai mai yawa. Ƙungiya ta tara bidiyoyi a wani babban dandalin intanet: yadda ake sassabe a bar tohon gawo da kalgo su tashi a gona, yadda ake ɗaure wake a buhu mai ruɓi uku don kada ya yi ƙwari. Sai dai manomi in ya shiga dandalin neman sassabe, waƙa da kokowa ke ɗauke shi. Aka ce in yi wa ƙungiya shafi nata, wanda zai jawo bidiyoyinmu kaɗai ya jera su. Shafi ba ya jawo komai daga dandalin sai da abin da ake kira makullin API. Ba ƙarfe ba ne, dogon layin haruffa da lambobi ne, wanda shafin ke nunawa duk sanda ya je neman bidiyo, a san shi ne. Kowane makulli kuma yana da rabonsa na yini. In rabon ya ƙare, an rufe ƙofa sai gobe.

A buron Agiye na yi aikin, cikin zafin bazara. Rezo, wato sabis ɗin intanet, yana zuwa yana ɗaukewa, ina yawo da kwamfuta a hannu daga taga zuwa gindin itacen bedi, daga gindin bedi zuwa bakin ƙofa. Na buɗe asusun ƙungiya, na nemi izinin bidiyo, makulli ya fito. Saura mataki guda: a ɗaure shi, a gaya wa dandalin kada ya karɓe shi daga ko'ina sai daga shafinmu. Sau huɗu ina danna wurin, abin yana ta juyawa. Na yi tsaki na ce gobe. Bidiyoyi sun jeru, shugaban ƙungiya ya gani ya yaba, ni kuma na manta da goben.

Labari ya kai wa kawu cewa an yi sabon makulli a buro. Kwana biyu sai na ji ƙarar zobensa a bakin ƙofa. Muka gaisa, ya tambayi mahaifiyata, ya sha ruwa, sannan ya miƙo tafin hannu.

"Ɗiyata, an ce kin yo makulli. Ina shi?"

"Kawu, ba irin naku ba ne. Rubutu ne kawai cikin kwamfuta."

"Shina buɗe wani abu na ƙungiya?"

"Yana buɗewa."

"To nawa ne riƙo."

Na yi bayani har bakina ya bushe, yana kallona da hannu a miƙe. Motar Cadawa tana shirin tashi, ina da aiki can. Don in rabu da shi na kwafi makullin na aika masa a waya, na ce ga shi nan, ku adana. A raina na ce mutumin da ba ya karanta boko, me zai yi da shi?

Abin da ya saba yi shi ya yi. Makulli ya shigo hannunsa ba shaida, wannan kuwa ba ya kwana da shi. Ya tura saƙon cikin gurup ɗin ƙungiya, inda manoman Agiye da Gangara har da na Gidan Rumji suke, ya bi shi da murya: "Jama'a ku shaida, ga makullin bidiyo da anka ba ni riƙo, yau ya shigo hannuna."

Ina Cadawa, wayata ba caji. Kafin in gani, saƙon ya yi nisa. Wasu sun ɗauka lambar kredi ce ta katin waya, suna ta danna ta a waya. Wani ya tura wa wani gurup da taken makullin kallon bidiyo kyauta. Daga nan ban san inda ya bi ba, har yau ban sani ba. Da na ga saƙon, sai na lallashi kaina cewa duk manoma ne, ba wanda ya san amfaninsa. Na so in kashe makullin in yi sabo, na sake cewa sai na koma inda rezo ke da ƙarfi.

Ranar horo aka tara wakilan ƙauyuka a Agiye, don su ga bidiyon sassabe kafin ruwa ya sauka. An shimfiɗa tabarmi, an jingina babbar talabijin a tebur. Na buɗe shafi, fari fat. Na sake buɗewa, haka. Na duba asusu: rabonmu na yini ya ƙare tun da safe, wani can da ban sani ba ya ɗora makullinmu a kan nasa aikin ya cinye shi. Mutane suna fifita da huluna suna kallona. Na san zan iya shiga dandalin kai tsaye in nemo bidiyoyin ɗaya bayan ɗaya, kuma daga baya hakan na yi. Amma kafin nan kunya ta riga ta koma fushi, ni kuwa fushina ba ya jiran shawara.

"Makullin da na ba kawu ne ya watsa wa duniya," na ce, da ƙarfi, gaban kowa. "An sace shi. Yanzu sai na kashe shi na yi wani, kuma wannan ba zan ba kowa ba."

Ni a nufina maganar kwamfuta nake. Abin da suka ji shi ne, makulli ya ɓace a hannun kawu, kuma an karɓe masa riƙo. A wurinmu ba a karɓe wa mutum makulli sai an daina yarda da shi.

Kawu ya miƙe a hankali. Ya kwance igiyar fata daga aljihu, ya ɗaga zoben sama.

"Ku shaida," ya ce. Ya ajiye shi gaban shugaba, ya sa takalmansa ya fita.

Ranar na kashe tsohon makulli, na yi sabo, na ɗaure shi da shafinmu kaɗai, na taƙaita shi ga karanta jerin bidiyo, na ɓoye shi inda mai buɗe shafi ba zai gan shi ba. Duka aikin bai kai rabin awa ba. Wannan ya fi komai ci mini rai. Da na yi rabin awar nan tun ranar farko, ko a bangon tasha aka rubuta makullin ba abin da zai faru.

Sati biyu ban zauna wuri ɗaya ba. In na zauna a buro sai in ga zoben a kan tebur, don ba wanda ya yarda ya ɗauka. Lokacin rabon iri ya matso, mangaza a rufe. Na je gidansa sau uku. Ran farko aka ce yana gona, na bi shi gona aka ce ya koma gida. A karo na biyu ya amsa gaisuwata ta bayan zana. Mahaifiyata ba ta yi mini faɗa ba, ta dai daina tambayata labarin aiki, wanda ya fi faɗan ciwo.

A karo na uku na tafi da shugaba da wani dattijon Gangara, abokin kawu. Na durƙusa na faɗi gaskiya: makullin ba a hannunsa ya ɓace ba, ni na bar shi a kwance, kuma ni na ba shi ban gaya masa irinsa ba.

"Wane iri ne?" ya ce, bai dube ni ba.

"Irin da in ido ya gan shi, an ɗauke shi ke nan. Naku sai an sa hannu a aljihunku. Wannan kallo kawai ya isa."

Sai ya ce: "Ashe shaidun nawa su ne ƙofar ɓarawo."

"Ni ce ƙofar, Kawu."

Sai na fito da takarda a ninke. Asusun ƙungiya yana da wasu lambobi na ranar ɓacin rana, waɗanda in waya ta ɓace da su kaɗai ake komawa ciki, su na rubuta a takardar. Na ce masa wancan da ya watsu ɗan ƙarami ne, a yi shi a kashe shi. Wannan shi ne uwar makullan, ba ya cikin kowace waya, kuma ban san wanda zan ba in ba shi ba. Bai ce ya yafe ba. Ya karɓi takardar, ya kai wa baduku ya ɗinke ta cikin jar fata kamar laya, shi yana tsaye a kansa. Washegari shugaba ya mayar masa da makullansa, aka ji ƙarar zobe a hanyar mangaza.

Ban tabbata ya yarda da maganata ba. Na sha zargin yana ganin lallashinsa na yi da takardar banza, don ko sau ɗaya bai ƙara tada zancen ba, kuma gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba.

Bayan kaka wayata ta faɗi a motar Gidan Rumji. Ba waya, ba shiga asusu, shafi kuma yana bukatar gyara. Na sauka Gazawa da rana tsaka, na same shi a ƙofar mangaza, ko gaisuwar kirki ban yi ba.

"Kawu, takardar nan. Yanzu nake son ta."

"Ashe tana buɗe wani abu," ya ce.

"Ita kaɗai ta rage mana."

"To zamna."

Na zauna, na tashi, na sake zama. Ya aika kiran mutum biyu, ɗaya dattijon nan na Gangara ne, yana kasuwa, sai da aka jira shi. Ina ta kaɗa ƙafa, shi ko a jikinsa. Da suka iso ya ciro jar fatar daga zobe, ya ɗaga ta sama.

"Ku shaida ɗinkin baduku shina nan yadda anka yi shi."

Suka duba suka ce sun shaida. Ya sa reza ya farke ɗinkin. Dattijon Gangara ya matso da kai zai leƙa, kamar yadda aka saba shekara da shekaru. Kawu ya kife tafinsa a kan takardar.

"A'a. Wanga ba a kallo nai. Ku juya baya."

Dattawa biyu suka juya suna fuskantar bangon mangaza. Shi ma ya kau da kansa gefe, ya miƙo mini takardar a ninke, hannunsa a rufe da ita har ta shiga nawa.

"In kin gama ki yo wata, ɗiyata," ya ce, fuskarsa na kallon bango. "Baduku bai tashi ba tukuna."