Jinin Yaya Rufa'i a Hannun Madam Selina

Kafin ƙarfe bakwai Madam Selina ta share ɗakin gwajin jini, ta tafasa allurai, ta zauna jiran marasa lafiya. Shekara ashirin da biyu ke nan tana haka a Gumel, tun zuwanta daga Filato. Wannan watan za ta ajiye aiki, kuma ba zan yaba mata ba sai na tona wa kaina asiri.

A 1994 yayana Rufa'i, direban babbar mota a Maigatari, ya dawo daga Ibadan bayan an yi masa gashin na'ura saboda ciwon daji a mara. Sai gudawa ta sa shi gaba, har da jini. Mu kuwa muka ce dattin ciwon ne ke fita, muka dinga ɗura masa jiƙon wankin ciki.

Da muka kai shi asibitin Gumel, Selina ta ce a riƙa kawo shi kowace Litinin ta ɗebi jini. Nan fa zargi ya tashi. Mutum ya rame kamar kara, me ake nema a jininsa duk mako? A tasha aka fara cewa sayarwa take yi. Har laɓewa na yi a bakin tagarta don in kama ta. Sai na tarar ta jera sakamakon mako huɗu tana bin su da biro.

Ta ɗago ta ce, "Malam Hussaini, shigo. Ba taifot ce ke damun yayanka ba. Sinadarin gina jiki da gishirin jininsa kullum ƙasa suke yi. Ina zargin gashin nan ya taɓa masa hanji. Me kuke ba shi a gida?"

Da na faɗa, ta ce saura kaɗan mu kashe shi da hannunmu. Ta kai wa likita takardun, aka ɗaura masa ruwa, aka mayar da shi Ibadan. Bana ya aurar da 'yarsa.

Madam Selina, ke ce kika ji duk abin da ake faɗa a kanki, ba ki fasa jiranmu ranar Litinin ba. Mun gode, Allah ya saka. Matasan ma'aikata, ku koyi bin sakamako irin nata, ba a miƙa takarda kawai a kira na gaba ba.

Kin san ni na fara kai zancen nan tasha, Madam, amma ba ki taɓa gaya wa Yaya ba. Yau zai karanta da kansa.