Hauyar da Na Ɓoye wa Modu

Ku ba ni amsa, masu karatu: wace gona ce a Diffa ba ta shan ruwa, akuya ba ta taɓa shigarta ba, mai ita kuma yana ɗaukarta a hammata?

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Nuwamba 2024, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Modu, ƙanin mijina, abokin tsokanata na shekara arba'in. Na gaji da zaman makoki, Modu. Kai ma sai ka bi sahu?

Da aka tashe ku daga bakin kogin Komadugu a 2015, ka baro gonar tattasanka, ko tsinke ba ka ɗauko ba. Ba ka taɓa kuka a gabanmu ba. Amma duk gidan da ka shiga ka ga dashe ya yi yaushi, sai ka nemi guga kafin ka nemi tabarma.

Sai ka san Malama Nabila, mai sassaƙa zane a kan guntun robar shimfiɗar ɗaki, ta shafa tawada, ta danna a takarda kamar tafin hannu. Ka riƙa kwatanta mata kayan gonarka ɗaya bayan ɗaya, tana buga maka a takarda: lauje, butar ban ruwa, kwandon da gindinsa ya ɓule. Hauya kuwa sai da ta sake sau uku, don da ta fito a juye ka ce, "Malama, ni ba bahago ba ne."

Na ce, "Ƙaramin miji, yaushe za mu ci miyar gonar takardar nan?"

Ka ce, "Ranar da kika daina surutu, Ya Maimuna."

Yau zan tona kaina. Hauyar takardar nan da ka nema shekara biyu, har ka zargi ɓera, ni na ɗauke. Tana ƙasan akwatina. Na so ka zo ka roƙe ni, in ja maka rai, in ba ka. Na yi ta cewa gobe. Ka yafe mini, wasa ne ya yi tsawo.

Jiya na kai wa Kaltumi, matarka. Ta dube ni, ta buɗe gwangwanin da kake tara takardun, ta saka.

Allah ya jiƙanka, ya ba ka lambun da ba a korar kowa. Allah ya ba Kaltumi da 'ya'yanka, su Sadiƙ, haƙuri.

Amsar kuwa: gonar Modu ce. Takarda goma sha ɗaya a gwangwanin alewa. Jiya ta cika.